Gab da Ƙonewa: Miyar Kaza a Hannun Matan Sinhala

Miyar kazar da ake dafawa a gidajen Sinhala, a tsibirin Sri Lanka, ba ta da launin rawayar nan da muka saba gani idan aka ambaci kori. Duhu gare ta, wani lokacin har ta kusa baƙi, ga jan mai yana yawo a samanta. Baƙo zai ɗauka girkin ya kama. Bai kama ba. Da gangan ake kai kayan yajin bakin ƙonewa sannan a janye su, kuma a wannan ɗan tsakanin gwanintar take.

Sinhala su ne kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen tsibirin, akasarinsu mabiya addinin Buddha. Abincinsu na yau da kullum shinkafa ce da miya iri-iri, ta kayan lambu da ta kifi. Da yawansu ba sa cin naman shanu, kuma ranar da wata ya cika, wadda suke kira Poya, hutu ne a ƙasar, ba a ma sayar da nama. Saboda haka kaza, kukul mas a bakinsu, ta daɗe tana matsayin abincin baƙo da na ranar taro. Abin da ba kullum ake ci ba kuwa, ba a yi masa girkin ganin dama.

Aikin yakan fara tun kazar tana kiwo a tsakar gida. Uwargida za ta wanke 'ya'yan kuzbara ta shanya su har su bushe ƙarau, ta tanadi kamun da shammar da masoro da hulba da kanumfari, da ɓawon kirfa, da ganyen kori da suke ce wa karapincha, da wani dogon ganye mai ƙamshi, rampe. Sai ta ɗora kaskon ƙasa a wuta marar ƙarfi, ba mai ba ruwa. Ba a zuba su lokaci guda, domin kowanne da sa'ar da yake soyuwa. Kuzbara ce ta fi yawa a haɗin, ita ce kuma mai nawa. Ana juya ta ba ƙaƙƙautawa har ta rikiɗe ta koma launin gahawa. Kamun da shammar nan da nan suke yi. Hulba kuwa 'yar kaɗan ake sawa, kuma da ita ake kaffa-kaffa, don da zarar ta wuce ƙima ɗacinta ya ɓata garin baki ɗaya, babu dabarar gyara. Gidaje da yawa kan ƙara ɗanyar shinkafa cikin tafin hannu, a soya ta ta yi ja. Ita ce za ta ba miya kauri daga baya.

Agogo ba ya amfani a nan, hanci ne alƙali. Akwai lokacin da ƙamshin ke sauyawa daga na ɗanyen iri ya koma mai nauyi, mai ɗan hayaƙi, kuma ƙiftawa da bismilla ne tsakaninsa da ƙauri. Gwana ba ta tsayawa ga sauke kasko kawai, take take juye kayan a faranti ta baza su, domin ta san kaskon ƙasa yana riƙe zafi, zai ci gaba da suya ko an raba shi da wuta. Wannan 'yar dabarar ce ke raba wadda ta koya a gindin murhu da wadda ta karanta a littafi. Idan sun huce sai a daka ko a niƙa, a zuba a kwalba a toshe. Wannan gari shi ne badapu thuna paha, kuma na nama ne. Suna da wani da ba a soya ba, mai sauƙin ɗanɗano, na kayan lambu. Mai girkin da ta zuba soyayyen gari a miyar kabewa ta danne kabewar. Wadda ta dafa kaza da ɗanyen gari kuma ta yi miya salam.

Sai kwakwa. Ana fasa ta gida biyu da bayan adda, a zauna a kan wata 'yar kujera mai haƙoran ƙarfe a gabanta, hiramanaya, a riƙa kankare farin a kai yana zuba a kwano. A yayyafa ruwan ɗumi kaɗan, a murtsuka, a matse: wannan ita ce madarar farko, mai kauri da maiƙo, miti kiri. A ajiye ta gefe. A sake zuba ruwa a matse tukar sau ɗaya ko biyu, a sami tsinkakkiya, diya kiri. Kwakwa ɗaya, madara biyu, kuma kowacce da aikinta. Tsinkakkiyar ce ke jure doguwar tafasa, da ita ake dafa naman. Mai kaurin ba ta son azabar wuta. Idan aka bar ta tana zaɓalɓala sai ta tsinke, mai ya ware, miya ta yi ƙulalai.

Ita kazar da ƙashinta ake sara ta ƙanana, don romo a ƙashi yake, kuma ta gida ta fi daraja a wurinsu duk da taurinta. A cuɗe ta da soyayyen garin nan, da garin barkono, da kurkum, da gishiri, da ɗan abu mai tsami, ko tsamiya ko ruwan tsamin da ake yi daga kwakwa, a bar ta ta jiƙu. A tukunyar ƙasa sai a zafafa man kwakwa, a jefa ganyen kori ya yi tsatsatsa, a bi da rampe da guntun kirfa, sannan albasa da tafarnuwa da citta da ɗanyen barkono. Sai albasa ta yi laushi ta soma ja ake zuba kazar. Nan ma akwai jarrabawa: ba a gaggawar zuba ruwa. Ana juya naman cikin yajin har ya tsotse, mai ya fara fitowa a gefen tukunya. Sannan tsinkakkiyar madara ta shiga, a rufe, a rage wuta. Mai kaurin ita ce ta ƙarshe, a juya a hankali, da ta ɗan motsa a sauke.

Abin mamaki, barkonon da aka san girkinsu da shi baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal ne suka yaɗa shi a Asiya, su da suka sauka a tsibirin a farkon ƙarni na 16. Kafin nan masoro ne ke ba abinci zafi. Kirfa ce ɗiyar gida, ita ce ma ta jawo baƙin: Fotugal suka riƙe gaɓar teku, Turawan Holan suka kore su a 1658, Ingila ta karɓe a 1796. Har yau da hannu ake feƙe ɓawon a naɗe shi falle-falle, siriri, mai murmushewa a tsakanin yatsu, ba kamar kakkaurar kirfar nan mai tauri da ta cika kasuwanni ba. Abin da Turawa suka yi yaƙi a kansa, uwargida karya guntunsa take ta jefa a tukunya ba tare da ta waiwaya ba.

Amma kazar ba ita kaɗai ke zuwa gaban mai ci ba, kuma a ganina nan ne hikimar ta fi fitowa. Shinkafa a tsakiya, sau da yawa ja, sai a kewaye ta. Ga parippu, jan adas da aka dafa da madarar kwakwa, mai sanyaya harshe. Ga mallum, ganye yankakke siriri-siriri da aka ɗan turara da kankararriyar kwakwa. Zogale ma yana cikin ganyayen da suke yi da shi, har dogayen 'ya'yansa suna miya da su. Ga pol sambol, kwakwa da barkono da albasa da lemun tsami da aka murje a dutsen niƙa, da ɗan busasshen kifin tsibiran Maldibis mai tauri, wanda ke yi musu aikin da daddawa ke yi mana. Da hannu ake ci, a ɗebo kaɗan daga nan kaɗan daga can a cakuɗa da yatsu, kowace loma da irin nata haɗin. Don haka mai girki ba ta tsoron sa wa kazar zafi sosai, tunda ta riga ta tanadi abin da zai kwantar da shi a gefen faranti.

Akwai wata kazar da ta yi suna a gidajen abinci da shagulgula, wadda ake soyawa da manyan yankan albasa da tattasai da dakakken barkono da miyar tumatir, mai zaƙi-zaƙi da zafi, da alamar hannun girkin Sin a cikinta. Tana da daɗi, ba musu, amma kowa ma zai iya yin ta cikin rabin sa'a.

Wanda ke son ganin tsohon hannu, ko da ba a girkin kaza ba, sai ya nufi kudancin tsibirin, wajen Galle da Matara, ya nemi ambul thiyal. Kifin tuna ne ake yankawa gunduwa-gunduwa, a shafe shi da niƙaƙƙen masoro da gishiri da goraka, wani busasshen ɗan itace mai tsananin tsami. A jera shi a tukunyar ƙasa falle ɗaya, a zuba ruwa kaɗan, ba madarar kwakwa ko ɗigo, a bar shi a wuta marar ƙarfi har ruwan ya ƙafe. Ba a juya shi da ludayi don kada ya farfashe, girgiza tukunyar ake yi. Tsamin da gishirin kan hana shi lalacewa na tsawon kwanaki ba tare da firiji ba, shi ya sa ake yi wa matafiyi guzuri da shi.