Saukar da Jirgi Ba Inji a Kogin Hudson

Ƙarfi huɗu ne ke kokawa a kan kowane jirgin sama. Nauyi yana jan sa ƙasa, fukafukai suna ɗaga shi, inji yana ingiza shi gaba, iska kuma tana turjewa. Gwanin matuƙi shi ne wanda ya san abin yi idan ɗaya daga cikinsu ya kuɓuce masa.

Ranar 15 ga Janairun 2009, jirgin US Airways ƙirar Airbus A320 ya tashi daga filin LaGuardia na birnin New York da mutum 155. Bai daɗe da tashi ba garken dinya ya faɗa cikin injinansa biyu, duka suka daina aiki. Kyaftin Chesley Sullenberger da mataimakinsa Jeffrey Skiles suka wayi gari babu abin da ke tura su gaba.

Fiffike ba ya ɗaga jirgi sai iska tana ratsa shi da gudu. Lanƙwasarsa da ɗan karkatarsa ne ke kora iskar ƙasa, ita kuma ta tallafe shi sama. To, ina za a samo gudu ba inji? Daga nauyin kansa. Matuƙi zai ɗan sunkuyar da hancin jirgi, ya riƙa sayar da tsawo yana sayen gudu, kamar shirwa mai shawagi ba ta kaɗa fiffike. Idan ya ɗaga hancin fiye da kima, iska za ta rabu da bayan fiffike, ɗagawa ta yanke, jirgi ya rikito. Idan ya sunkuyar da yawa, tsawon zai ƙare kafin ya kai wurin sauka. Ƙaramin jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu ba shi da wannan dama: farfelar na tsayawa, sai ƙasa.

Sullenberger, wanda dama ya iya tuƙa jiragen shawagi marasa inji, ya auna ya ga komawa LaGuardia ganganci ne, sai ya nufi Kogin Hudson. Ya daidaita fukafukan biyu don kada ɗaya ya riga taɓa ruwa ya wuntsila jirgin, ya ɗan ɗaga hanci, wutsiya ta fara sauka. Duk wannan cikin minti uku da 'yan kai.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Irin wannan natsuwa ba a ranar ake samun ta ba. Shekaru ne na sanin halin iska suka yi rana.