Masu Gano Ciwon Rumbun Bayanai

Idan manhajar banki ta tsaya tana juyi, kowa sai ya ɗora wa intanet laifi. Sau da yawa kuwa ciwon yana can ciki ne, a rumbun bayanai, inda tambaya guda ke bin layuka miliyan goma ɗaya bayan ɗaya don nemo mutum ɗaya tak. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, gano irin wannan ciwo, kuma ba kasafai ake jin sunansu ba sai ranar da abu ya lalace.

Tsarin da suke aiki a kansa Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa shi a 1970: a zuba bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. Da harshen SQL mutum yake faɗin abin da yake so, injin kuma shi ke zaɓar hanyar nemowa. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce a sayo babbar kwamfuta. Gwani sai ya rubuta EXPLAIN ANALYZE a gaban tambayar, manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ta baje masa hanyar da ta bi. Idan ya ga injin ya yi tsammanin layi hamsin amma ya tarar da dubu ɗari biyar, ya san ƙididdigar jadawalin ta tsufa, a sabunta ta kawai. Ba a kashe ko sisi ba.

Sai fihirisa, wanda aikinsa kamar na ƙarshen littafin fiƙihu ne: ka duba kalma, ya kai ka shafinta. Mafi yawansu an gina su bisa tsarin B-tree da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1970, kuma da shi taki uku ko huɗu ya isa a cafko layi ɗaya cikin miliyoyi. Amma fihirisa yana da tsada, domin duk sabon rubutu sai an gyara kowane fihirisa. Shi ya sa na fi girmama wanda ya san fihirisan da zai goge. Ya kuma san cewa fihirisan da aka jera bisa jiha sannan suna ba zai yi wa mai neman suna kaɗai amfani sosai ba, haka ma mai neman duk sunan da ya ƙare da "Bello".

Batun kwafin ajiya ya fi komai ban tsoro. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge kusan gigabayit 300 na babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka koma ga hanyoyin ajiya biyar da suka tanada, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya ma ta daɗe da mutuwa shiru saboda saɓanin sigar manhaja, saƙon gargaɗin kuma bai isa ga kowa ba. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan tsakani kuma suka tafi. Saboda irin wannan ne gwanin gaske yake ɗaukar kwafinsa lokaci-lokaci, ya zuba shi a wata kwamfuta daban, ya ƙirga layukan, ya kuma rubuta awa nawa dawowar ta ci.