Makarantar Baibul ta Hausa da Masu Raina Ta

Tun da digiri ya zama ma'aunin fasto ake jin wasu suna cewa makarantar Baibul ta Hausa ta gama aikinta, a rufe ta a tura kowa seminari. Hujjarsu ita ce ɗalibanta ba su san Helenanci ba, ba su kuma iya karanta manyan littattafan tauhidi na Turanci. Haka ne. Sai dai masu wannan magana aji kawai suka leƙa, ba su zaga bayan aji ba.

Ƙungiyar mishan ta SIM ta iso a 1893, ta SUM a 1904, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Daga nan Hausa ta zama harshen horar da masu bishara har a cikin ƙabilun da ba Hausawa ba, a wurare irin su Kagoro da Gindiri. Lokacin da ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN kuma a 1955, masu irin wannan horo ne ke riƙe da ikkilisiyoyin ƙauye. Makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru sai a 1959 aka buɗe ta, ta JETS a Jos a 1980.

Abin da na fi ƙauna a tsohon tsarin shi ne ɗalibi ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba su ɗaki da gona, kamar yadda aka yi a makarantar Kulp ta ikkilisiyar EYN a Kwarhi, kusa da Mubi. Matar tana da nata aji. Malam kuwa maƙwabci ne. In ɗalibi ya ɗaga wa matarsa murya da dare, malam ya ji. In ciyawa ta cinye masa gona alhali ya fi kowa tsawaita addu'ar asuba, an gani. In ya ari mudun dawa a watan Agusta, kowa zai san ko ya mayar bayan girbi. Ranar Lahadi ya tafi ƙauye wa'azi, ya dawo a tambaye shi wa ya gaisar, wane mara lafiya ya duba, ya karɓi abin da aka ba shi ya ci ko ya yi ƙyama. Gyara yakan zo nan take, a bakin rijiya ko a kan kunya, daga mutumin da shi ma ana ganin yadda yake zaune da nasa iyali.

A duba sharuɗɗan da Bulus ya jera wa Timoti a sura ta uku ta wasiƙarsa ta fari. Iya koyarwa guda ne a cikinsu. Sauran kusan duk hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, riƙon gida, rashin kwaɗayin kuɗi, kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba na ikkilisiya ba. Wace jarrabawar takarda ce za ta auna waɗannan?

Wasu sun ce darasi kan rayuwar ruhaniya a seminari ya wadatar. Ban yarda ba. Mutum na iya cin wannan darasi da maki mai kyau yana bugun matarsa. Karatu ta intanet ya fi muni a nan, don malam bai taɓa taka ƙofar gidan ɗalibinsa ba.

Ina son fasto ya san Helenanci, kuma muna bukatar masana tauhidi irin su Byang Kato. Amma seminarin da ke da kuɗin gina babban ɗakin taro ya fara gina ɗakunan ɗalibai masu iyali, ya sa gidajen malamai a tsakiyarsu, ya yanka wa kowane gida gona. Kafin a naɗa mutum kuma, dattawa su nemi shaidar malamin da ya yi maƙwabtaka da shi, sa'an nan su duba takardarsa.