Yadda Ake Kai Tsohon Fayil Intanet

A ma'adanar takardun gwamnati ta ƙasa da ke Kaduna akwai fayil-fayil da suka girmi 'yancin Najeriya: lissafin haraji da jangali, wasiƙun sarakuna da Razdan, rahoton zagayen Di'o, taswirar iyakokin gundumomi. Masu bincike sun san su da laƙabinsu: SNP na sakatariyar lardunan Arewa, KANOPROF na lardin Kano, SOKPROF na Sakkwato. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya kafa harsashin aikin adana takardun ƙasa a Ibadan a 1954, daga baya aka buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Wanda ya ga hoton irin wannan takarda a wayarsa zai zaci ƙyasta ta kawai aka yi. Alhali ɗaukar hoton ce mafi sauƙi a aikin duka.

Ma'aikacin kan fara da wanke hannu da sabulu, ya busar sarai. Mutane kan zata safar hannu ake sawa, amma safa tana kashe jin yatsu, kuma yatsan da ba ya jin kaurin takarda shi ke yaga ta. Biro ba ya hawa teburin, sai fensir. Kafin ya buɗe fayil, sai ya karanta bangonsa ya rubuta lambarsa, da takensa, da shekarun da ya ƙunsa. Daga nan ya ɗauko burushi mai laushi ya share ƙura daga tsakiyar shafi zuwa baki. Idan ya ga funfuna, sai ya sa takunkumi ya ware fayil ɗin gefe, domin tana yaɗuwa, kuma tana shiga ƙirji.

Sai ƙarafa. Fil ɗin da wani akawu ya soka shekara 80 da suka wuce ya yi tsatsa, tsatsar ta ci takardar da ke kewaye da shi. Ba a fizgarsa. Ana zura bakin wata siririyar wuƙa marar kaifi a ƙarƙashinsa, a ɗaga shi kaɗan-kaɗan har ya saki. Yanayinmu ma ba ya tausayin takarda: damina ta cika ta da laima, hunturu ya busar da ita har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye, ga gara tana jira a ƙasa. Don haka shafin da ya daɗe a ninke ba a buɗe shi da ƙarfi. Ana barinsa ya sha ɗan danshi a cikin rufaffen akwati har ya yi laushi, a shimfiɗa shi tsakanin takardu masu tsotse ruwa, a ɗora masa nauyi ya kwana.

Inda ya yage, ana manna masa wata siririyar takarda 'yar Japan mai dogon zare, da sitacin alkama da aka dafa. Hikimar sitacin ita ce ɗan ruwa kaɗan zai sake shi idan wani ya zo da dabarar da ta fi. Mai gaggawa kuwa salatif yake jawowa, ya gama cikin daƙiƙa biyar. Bayan 'yan shekaru salatif ɗin ya koma rawaya, gam ɗinsa ya nutse cikin rubutun, ba mai iya cire shi.

Akwai ƙa'idar da gwanin ba ya karyawa: ba ya sake jeren takardu, ko da ya ga kwanan wata ya saɓa. Yadda akawu ya jera su shaida ce ita ma. Ita ke nuna wace wasiƙa ce ta fara isowa tebur, wa ya yi sharhi a gefenta, wa ya amsa masa. Sai dai ya sa lamba da fensir a kusurwar kowane shafi, ya bar su yadda ya same su.

Yanzu ne ake zuwa ga kyamara. Ana kafa ta a kan sanda, bakinta na kallon ƙasa, a sa fitila biyu dama da hagu, kowacce a karkace da digiri 45 don kada haske ya yi ƙyalli. A gefen takardar ana ajiye rula da wani kati mai gidajen launi, domin mai kallo daga nesa ya san ainihin girmanta da launinta. Ba a yin ƙasa da ɗigo 300 a kowane inci. Ana ɗaukar bango, da bayan shafi, har da shafin da babu komai, don kada wani ya yi zargin an ɓoye wani abu. Hoton farko, mai nauyi, nau'in TIFF, shi ne uwa: ba a gyara shi, ba a taɓa shi. Daga jikinsa ake fitar da marar nauyi wanda waya za ta iya buɗewa ba tare da ta cinye data ba.

A ganina, inda ake gane gwani shi ne wajen rubuta bayanin fayil. Hoto dubu goma da ba su da suna sun sake ɓata ke nan, a cikin kwamfuta wannan karon. Dole a rubuta wa ya yi takardar, yaushe, a ina, da wane harshe, a kan me. Dole mai rubutun ya san cewa mai neman Zazzau zai same ta a ƙarƙashin Zaria, kuma Turawa sun rubuta sunan gari ɗaya ta hanyoyi barkatai. Akwai manhajar da ke karanta rubutun tafireta ta mai da shi abin da za a iya lalubawa, amma takan yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ, kuma idan ta zo kan rubutun hannu ko ajami sai ta tsaya cik. A nan sai an nemi wanda ya yi karatun allo, ya saba da rubutun Warshu, ya zauna ya karanta layi bayan layi. Shi ne kuma zai ankarar idan shafin na ɗauke da sirrin wani mai rai, kamar bayanin rashin lafiyarsa, a tsame shi kafin a saki.

Faifan kwamfuta ba ya kai takarda tsawon rai. Shi ya sa ake yin kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari dabam. Kowane hoto ana ciro masa wata doguwar lamba da kwamfuta ke lissafawa daga abin da ke cikinsa. Lokaci-lokaci a sake lissafin. Idan lambar ta canza, hoton ya fara lalacewa, sai a musanya shi da lafiyayye. Shafin intanet ma yana son mai kula, don mun sha ganin na hukuma ya ɓace saboda ba a biya kuɗin shekara ba.

Amfanin wannan aiki bai tsaya ga masu bincike ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya, abin da ba zai yiwu ba a ofishin da ya ɗure fayil-fayil a buhu a ƙarƙashin bene. Akwai kuma taimako daga waje: tun 2004 Laburaren Birtaniya ke gudanar da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, kuma sharaɗinsa shi ne asalin takarda ya zauna a ƙasarsa, hoto kawai ke fita. Ta wannan shiri Mohammed Bashir Salau ya jagoranci ɗaukar wasu takardun Kaduna, na Larabci da Hausa da Turanci. Suna nan a intanet kyauta, mai waya ya shiga ya karanta.