Sharhin Fim: Zero Days da Muryar da Ba Mu Ji Ba

A watan Yunin 2010 wani ƙaramin kamfanin tsaron kwamfuta a ƙasar Belarus ya ci karo da wata muguwar manhaja, wadda daga baya aka sa wa suna Stuxnet. An ƙera ta ne don ta kutsa cikin na'urorin Siemens masu sarrafa injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran, ta riƙa sauya gudunsu har su lalace, alhali allon ma'aikata na nuna musu komai lafiya lau. An ƙiyasta injina kusan 1,000 ne suka lalace. Ana zargin Amurka da Isra'ila, amma har yau babu wadda ta amsa a hukumance.

Wannan zagon ƙasa ne Alex Gibney ya bi diddiginsa a Zero Days, fim ɗin labarin gaskiya da ya fito a 2016. Ya cancanci yabo wajen sauƙaƙa bayani. Masana biyu na kamfanin Symantec, Eric Chien da Liam O'Murchu, sun nuna yadda 'yan layukan rubutu a kwamfuta ke sa inji ya hura balan-balan har ta fashe. Ko wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba zai gane haɗarin.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne wajen zaɓen masu magana. Mun ji tsohon shugaban CIA Michael Hayden yana kauce wa tambaya. Mun ji jami'an leƙen asiri da aka haɗe bayanansu aka sa a bakin wata 'yar wasa guda. Amma ba mu zauna da ma'aikacin Natanz ko ɗaya ba, wanda injinsa ke lalacewa bai san dalili ba, ga tsoron a ce da hannunsa a ciki.

Giɓin ya fi fitowa fili da aka zo kan Nitro Zeus, shirin da fim ɗin ya ce Amurka ta tanada don kashe wutar lantarki da hanyoyin sadarwar Iran idan yaƙi ya ɓarke. An faɗi da baki cewa fararen hula za su sha wuya, amma ba a nuna mana fuskarsu ba.

Mu a Kiyawa mun san wannan fuska. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, wani layin da ya bi ta Makurɗi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai ƙanƙara ya rasa ciniki, mai walda ya koma sayen fetur da tsada, cajin waya ma sai an bi layi.

A kalli fim ɗin, akwai ilimi a cikinsa. Amma marubucinmu da zai ɗauki irin wannan jigo, don Allah ya fara da mai ƙanƙarar nan kafin ya kai mu ofishin 'yan leƙen asiri.