Gicciye a kan azurfa: sharhi kan karatun da masu tara tsofaffin kuɗi ke yi wa hoto

Kundayen masu tara kuɗin azurfa na Turai, na ƙarni na 12 zuwa na 14, sun saba karanta kowane tsaba tamkar huɗuba. Sukan nuna gicciyen da ke tsakiyar gros tournois, wanda Luwi na 9 na Faransa ya fara bugawa a 1266, ko siffar Almasihu bisa karaga a kan grosso na Banis, su ce ga shaidar imanin jama'a. A ganinmu wannan karatu ya tsaya ga niyyar mai bugawa, ya manta da hannun mai karɓa.

Misalin da ya fi raunana shi yana cikin kundayen da kansu. Kiristocin da suka riƙe gaɓar Sham a ƙarni na 13 sun daɗe suna kwaikwayon dirhamin Ayyubawa, har da kalmar shahada a jikinsa, domin shi kasuwa ta sani. Da wakilin Paparoma ya iso Akka a 1250 ya yi tir da haka, sai daga 1251 aka shiga buga dirhami mai ɗauke da aƙidar Kirista, wani lokaci da ɗan gicciye a tsakiya. Amma rubutun na Larabci ne, fasalin kuma na dā. An sauya abin da kuɗin ke faɗa, ba a taɓa kamanninsa ba, gudun kada ɗan kasuwa ya ƙi shi.

Muna iya gwada wannan da abin da ya faru a ƙasarmu, ko da yake zamanin ya bambanta. Liyari, wato azurfar Mariya Tereza ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, ta yi yawo tsakanin Barno, Damagaram da Kano a ƙarni na 19. Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canza ta a kan wuri 2,500. Tana ɗauke da hoton mace, da gaggafa mai kai biyu, da kambi mai gicciye, duk da haka fatake Musulmi suka amince da ita. Larabawa ma suna kiranta Abu Ɗairi, mai tsuntsu: gaggafar suka gani. An ci gaba da buga ta da shekarar 1780 bayan mutuwar sarauniyar, don masu karɓa ba su yarda da canji ba. A Habasha da Yaman har lu'ulu'un da ke kafaɗar hoton ake dubawa, a ga ko ya suɗe. Hoton ya zama hatimin inganci ke nan.

Daga nan da yawanta suka faɗa hannun maƙeran fari, aka narka su aka yi mundaye da kayan wuya. (Abin wuyan da Faransawa suka raɗa wa suna croix d'Agadez, Abzinawa ba su kiransa gicciye; ga wani karatun da aka ɗora daga waje.)

Abin da ya rage mana a nan sau da yawa kalma ce. A kasuwar Yauri ta wajen Matamaye, kamar sauran kasuwannin Nijar, da dala ake ciniki, wato tamma biyar, kuma asalin kalmar yana komawa ga dollar da thaler. Ɗalibin da zai bi sawun liyari a Yauri ya tambayi tsofaffi da maƙera sunan da suke kiranta da shi da yadda ake gane ta ƙwarai, kafin ya buɗe kundin da aka rubuta a Pari.