A bar wa Rally-X ƙarancin mansa

A faifan Namco Museum na farko, wanda ya fito a PlayStation a 1995, na fara haɗuwa da Rally-X, kuma har yau in na ji kiɗansa sai tafin hannuna ya jiƙe. Kamfanin Namco na Japan ne ya fitar da shi a 1980, shekarar da ya fitar da Pac-Man, don injinan da ake jefa wa kwandala a gidajen wasa. Motarka shuɗiya ce, ba ta da birki, tana ta gudu lungu-lungu, kai kuma ka tsince tutoci goma kafin jajayen motoci su cim maka.

Abin da ya ɗaure ni da wasan nan shi ne mai. Yana ƙonewa ko ka bi hanya ko ka ɓace. Makaminka ɗaya ne, hayaƙi: ka danna maballi, motarka ta feso shi, masu binka su ruɗe su tsaya suna juyi. Sai dai kowace fesawa daga tankinka take ci. Na sha ganin jar mota ta manne mini, yatsana na kan maballi, idona na kan layin mai da ya kusa ƙarewa, ga tutoci uku can a kusurwa. In fesa ko in jure? Ƙaramar taswirar da ke gefen dama tana nuna maka tutoci da maƙiya, amma ba ta nuna bango, ba ta nuna duwatsun da aka zube a hanya. Ka daɗe kana kallonta, dutse ya tarwatsa ka. Ka manta da ita, a yi maka ƙawanya.

Shi ya sa yayin da ake ciki yake damuna. Da yawa daga cikin tarin tsofaffin wasannin da ake sayarwa yanzu suna zuwa da maballin mayar da lokaci baya: ka yi karo, ka danna, ka koma daidai kafin karon. A wasu wasannin ba ni da ja. A wasa irin Rally-X kuwa, an zare masa laka ke nan. Wanda ya san zai iya dawo da man da ya ƙone ba zai taɓa jin nauyin fesa hayaƙi ba.

Ni ba maƙiyin gyara ba ne. Namco da kansa ya fitar da New Rally-X a 1981, ya sassauta wahalar, ya ƙara tuta mai harafin L wadda ke ba ka maki gwargwadon man da ya rage maka. Wannan gyara ne na wanda ya san abinsa, domin ya ƙara wa mai daraja. Shi ne ma aka kai Xbox 360 a 2006. Wanda aka yi wa Wii a 2007, inda aka ɗora Pac-Man a kujerar direba aka cika allo da ado, bai riƙe ni ko na awa ɗaya ba.

Masu cewa ai ba a tilasta wa kowa danna maballin mayar da lokaci ba suna da hujja, kuma na san akwai magidancin da minti goma kawai yake samu bayan isha'i. Amma in abu na kusa da yatsa, yatsa zai je.

Kwanan baya na miƙa wa ɗan yayata wasan yadda yake tun asali. Sau huɗu yana mutuwa a zagaye na biyu. A na biyar sai na ga ya bar fesa hayaƙi barkatai, yana jira sai jar motar ta zo dab da shi, leɓensa a cije.